Me Ya Sa Ƙananan Labarai Ke Danne Manya a Kafafen Yaɗa Labarai?

A ranar 14 ga Yunin 2023, wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk ta ƙasar Libiya, maƙare da baƙin haure, ya nutse kusa da gaɓar Pylos a Girka. An ƙiyasta cewa mutum 400 zuwa 750 ne a cikinsa, kuma 104 kacal aka ceto da rai. Kwana huɗu bayan nan, wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya ɓace da mutum biyar a hanyarsa ta zuwa kallon tarkacen jirgin ruwan Titanic. Manyan tashoshin talabijin na duniya suka raja'a a kansa dare da rana, ana ta lissafin sa'o'in da suka rage kafin iskar shaƙa ta ƙare wa na ciki. Labarin Pylos kuwa an ba da shi, amma bai daɗe a kanun labarai ba. Har tsohon shugaban Amurka Barack Obama, wanda ke ziyara a Girka a makon, sai da ya tanka kan wannan bambanci.

Rai biyar ba abin rainawa ba ne, ba kuma wanda ya ce kada a ba da labarinsu. Ma'aunin ne ya ɗaure wa mutane kai. Ƙorafin da ake yi yau da kullum ma ya wuce nan: mutuwar auren wani tauraro, ko suɓutar bakin wani ɗan siyasa, sai ta cinye mako guda, alhali dokar harajin da za ta taɓa aljihun kowa ta wuce a sakin layi biyu. Masu ƙorafi na cewa 'yan jarida sun lalace ko an saye su. 'Yan jarida na cewa abin da jama'a ke nema suke ba su. Kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wanda maganarsa ita kaɗai ta warware lamarin.

## Wane ne babban labari, kuma me ake nufi da watsi da shi?

A ɗakin labarai akan raba labari gida biyu. Akwai mai nauyi, wanda ya shafi mulki, kasafin kuɗi, shari'a, yaƙi da lafiyar jama'a, wato abin da zai sami mutum ko ya karanta shi ko bai karanta ba. Akwai mara nauyi, kamar tsegumin taurari, abin al'ajabi da cacar baki tsakanin sanannun mutane, wanda in mutum bai ji shi ba babu abin da ya rasa. Batun da ake magana a kai ba shi kaɗai ke nuna nauyi ba. Zaɓe babban lamari ne, amma ana iya mayar da shi gasar wa ke gaba da wa ya yi wa wa baƙar magana, har a kaɗa ƙuri'a ba a taɓo abin da 'yan takara za su yi da mulkin ba. Ana kuma iya fakewa da rashin lafiyar wani mawaƙi a yi wa jama'a cikakken bayanin cutar da ke kashe dubbai.

Watsi da labari shi ma iri-iri ne. Wanda ba a ba da shi sam ba shi ne mafi ƙaranci, musamman a zamanin intanet. Abin da ya fi yawa shi ne a ba da shi sau ɗaya, a can ƙasan shafi, ba a sake waiwayarsa ba. Sau da yawa mai cewa "babu wanda ya ɗauki labarin nan" a wata jarida ya gan shi tun farko; abin da yake nufi shi ne ba a nanata shi ba.

Nanatawar kuwa ba ƙaramin abu ba ce. A zaɓen shugaban Amurka na 1968, malaman jami'a biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, sun tambayi masu jefa ƙuri'a a garin Chapel Hill waɗanda ba su tsai da shawara ba, kan batutuwan da suke ganin sun fi muhimmanci. Da suka kwatanta amsoshin da abin da jaridu da talabijin suka fi yayatawa, sai jerin biyu suka zo kusan iri ɗaya. Binciken, wanda aka wallafa a 1972, shi ya kafa abin da ake kira tsara ajanda: kafafen yaɗa labarai ba lallai su juya ra'ayin mutum ba, amma su ke zaɓar masa abin da zai ɗauka shi ne matsalar ƙasa. Tun da shafin farko ɗaya ne kuma hankalin mai karatu na da iyaka, duk labarin da aka ɗaga, wani aka sauke.

## Abin ba yau ya fara ba

A 1833 Benjamin Day ya kafa jaridar The Sun a birnin New York, yana sayar da ita santi ɗaya lokacin da sauran jaridu ke santi shida. Dabararsa ita ce ya tara ɗimbin masu karatu da labaran kotu, laifuka da ban mamaki, sannan ya nemi ribarsa wajen masu talla. A 1835 jaridar ta buga jerin rahotannin ƙarya cewa an hango halittu masu fukafukai a duniyar wata, mutane kuma suka yi ta rububin saye. Daga nan aka gane cewa a wannan sana'a hankalin mai karatu shi ne hajar, mai talla kuma shi ne babban mai saye. Gasar masu jaridu Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst a shekarun 1890 ta ƙara wa abin gishiri. Da CNN ta fara watsa labarai sa'a 24 a 1980, sai wata buƙata ta taso: dole a cike kowace sa'a, ko akwai labari ko babu. Intanet ba ta ƙirƙiro ɗabi'ar ba, ta tarar da ita ne, ta kuma cire mata birki.

## Lissafin kuɗi a ɗakin labarai

Wanda ya tsaya zagin wakilin da ya rubuta labarin tsegumi, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Shawarar abin da za a bi ta fi ƙarfin wakili, wani lokaci ma ta fi ƙarfin edita, domin a teburin masu lissafi take farawa.

Binciken ƙwaƙwaf na da tsada. Takardun Panama, wato bayanan sirri kan dukiyar da manyan mutane suka ajiye a ƙasashen waje, da aka fallasa a Afrilun 2016, sun kai miliyan 11.5, kuma 'yan jarida sama da 370 suka shafe kusan shekara guda suna tantance su kafin a buga ko layi ɗaya. Ko ƙaramin bincike kan kwangilar da aka biya ba a yi aikin ba yana cin watanni, da kuɗin tafiya, da kuɗin lauya, kuma yana iya ƙarewa ba tare da an sami hujjar da za a buga ba. In an buga, ga barazanar ƙarar ɓata suna, ga fushin mai talla, a wasu ƙasashe ga ɗauri ko abin da ya fi ɗauri. Labarin abin da wani tauraro ya wallafa a Instagram kuwa minti ashirin ya ishe shi, daga kan kujera, ba wanda zai kai ƙara.

Akwai wata matsala da masana tattalin arziki ke yawan nunawa. Idan jarida ta tona satar kuɗin asibiti aka gyara, duk mai zuwa asibitin ya amfana, har wanda bai taɓa sayen jaridar ba. Ita kuwa jaridar ba ta da hanyar karɓar ladan wannan amfani. Ƙari a kan haka, cikin sa'a guda wasu shafuka za su kwafe sakamakon binciken su raba masu karatun da ita. Al'umma ce ke cin ribar, kamfani ɗaya ke ɗaukar ɗawainiyar, don haka kasuwa in an bar ta ita kaɗai ba ta samar da irin wannan aiki yadda ake buƙatarsa.

A da akwai abin da ke rufe wannan giɓi. Jaridar takarda dunƙule guda ake sayar da ita: wanda ya saya don shafin wasanni ko ƙananan tallace-tallace ya biya albashin wakilin majalisa ba tare da ya sani ba, kuma dole idonsa ya gifta ta shafin farko. Intanet ta warware wannan dunƙule, kowane labari ya koma neman abincinsa da kansa. Tallan kuma ya yi ƙaura zuwa Google da Facebook. Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna cewa kuɗin tallan jaridun Amurka ya faɗo daga kusan dala biliyan 49 a 2006 zuwa ƙasa da biliyan 10 a 2022, ma'aikatan ɗakunan labaransu kuma sun ragu da kashi 57 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2020. Idan aka tashi rage ma'aikata, ofisoshin ƙasashen waje da wakilan da suka ƙware a fanni guda, kamar kotu, lafiya ko ilimi, suna cikin waɗanda ake fara taɓawa, saboda su suka fi tsada.

Sai kuma awo. Editan da ya yi zamani kafin intanet bai san takamaimai wane labari aka karanta ba, sai dai ya yi hasashe. Na yau yana da allo, ta manhajoji irin su Chartbeat, da ke nuna masa mutum nawa ke kan kowane labari a daidai wannan mintin. Abin da allon ke iya ƙirgawa shi ne dannawa da tsawon lokacin da aka tsaya. Ba ya ƙirga dokar da aka janye saboda rahoto. Tsarin lissafin da kafafen sada zumunta ke zaɓar wa mutum abin da zai gani shi ma haka yake. A Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa don fifita abin da ke jawo tsokaci da rabawa, kuma takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa ma'aikatan kamfanin da kansu sun lura sauyin na ɗaukaka abin da ke tunzura mutane. Rahoto kan kasafin kuɗi ba ya jawo cacar baki kamar hoton wani sananne da aka kama yana abin kunya.

## Matsalar da ba ta da hoto

Ko da an cire kuɗi daga lissafi, akwai abin da ke cikin siffar labarin kansa. A 1965 masana biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, sun jera abubuwa 12 da ke sa lamari ya zama labari. Daga ciki akwai faruwarsa cikin ɗan lokacin da ya dace da fitowar jarida, da sauƙin fahimta, da ba-zata, da kusanci da al'adar masu karatu, da shafar manyan ƙasashe ko manyan mutane, da samun mutum guda da za a rataya wa labarin. Sun rubuta jerin ne don nuna inda aikin ke karkacewa, amma aka wayi gari ana koyar da shi a matsayin ƙa'idar aiki.

Manyan matsalolin ɗan Adam da yawa ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Zazzaɓin cizon sauro na kashe kusan mutum 600,000 a shekara, akasarinsu ƙananan yara a Afirka, amma babu wata rana guda da za a ce yau ne abin ya faru. Haka gurgusowar hamada, taruwar bashin ƙasa, lalacewar makarantu. Ba su da farko da ƙarshe, ba su da fuska guda, kuma abin da ya faru yau shi ne ya faru jiya. Kalmar "sabo" ita ce ginshiƙin sana'ar, abin da ya daɗe yana faruwa kuwa ba sabo ba ne, komai muninsa.

Masana tattalin arziki Thomas Eisensee da David Strömberg sun auna girman wannan karkata a binciken da suka wallafa a 2007. Sun duba bala'o'i kusan 5,000 da suka auku a duniya tsakanin 1968 da 2002, da yadda labaran dare na talabijin ɗin Amurka suka ɗauke su. Sun gano cewa kafin ƙarancin abinci ya sami damar shiga labarai daidai da aman wutar dutse da ya kashe mutum ɗaya, sai ya kashe kusan mutum 40,000. Aman wuta na da hoto, yunwa kuwa a hankali take ci. Sun kuma gano cewa bala'in da ya auku a Afirka sai mamatansa sun ninka na Turai sau 40 ko fiye kafin su sami kulawa iri ɗaya.

Cutar Ebola ta nuna ƙarfin kusanci ƙarara. An tabbatar da ɓarkewarta a Gini a Maris na 2014, a daidai lokacin da tashoshi suka duƙufa kan jirgin saman Malesiya da ya ɓace. Ba ta mamaye kanun labaran Yamma ba sai da ma'aikatan agaji 'yan Amurka suka kamu a ƙarshen Yuli, daga baya kuma wani majinyaci ya rasu a birnin Dallas a Oktoba. Kafin annobar ta lafa ta kashe mutum sama da 11,000, kusan dukkansu a Gini, Laberiya da Saliyo.

Wani lokaci kuma hanya ce babu. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da muhallansu, aka kuma tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a Agustan 2024. Amma shiga ƙasar na da wuya da haɗari, layukan sadarwa na yawan katsewa, 'yan jaridar cikin gida da dama sun tsere. Inda babu kyamara, talabijin ba shi da abin nunawa.

## Ra'ayoyi uku kan mai laifi

Ra'ayi na farko ya ɗora alhakin a kan masu karatu, kuma hujjojinsa ba su da daɗin ji. Pablo Boczkowski da Eugenia Mitchelstein sun bi shafukan labarai 20 a ƙasashe bakwai, suka kwatanta labaran da editoci ke sawa a sama da waɗanda jama'a suka fi dannawa. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna cewa editoci sun fi masu karatu fifita siyasa da tattalin arziki. Jama'a ne ke zarcewa zuwa wasanni, laifuka da nishaɗi. Giɓin yana raguwa ne lokacin zaɓe ko wani babban rikici. Wato abin da mutum ke cewa yana so idan an tambaye shi daban, abin da yatsansa ke dannawa daban.

Masu sukar wannan ra'ayi na cewa dannawa ba ita ce buƙata ba. Mutum na iya leƙa abu don son sani na ɗan lokaci, ba don yana ganin shi ya dace da shafin farko ba. Suna kuma cewa yawancin labarai masu nauyi ana rubuta su ne da harshen jami'an gwamnati, cike da alƙaluma, ba tare da an nuna wa mai karatu inda abin ya taɓa shi ba, sannan a dawo a ce jama'a ba sa so.

Ra'ayi na biyu ya dubi masu kafafen da masu mulki. A 1988 masana Edward Herman da Noam Chomsky sun kawo hujjar cewa ba sai an ba ɗan jarida umarni ba: mallakar manyan kamfanoni, dogaro da masu talla, da dogaro da majiyoyin gwamnati sun isa su tace abin da ke fitowa. Akwai misalan da ke goyon bayansu. A Fabrairun 2016 shugaban kamfanin talabijin na CBS na lokacin, Les Moonves, ya faɗa a fili cewa hayaniyar yaƙin neman zaɓen shekarar mai yiwuwa ba alheri ba ce ga Amurka, amma alheri ce ga CBS. A ranar harin 11 ga Satumban 2001, wata mai ba ministan sufurin Birtaniya shawara, Jo Moore, ta aika saƙo ga abokan aikinta cewa ranar ta dace a fitar da duk abin da ake so a binne. Saƙon ya fallasa, ta bar aiki a 2002, amma dabarar sakin mummunan labari lokacin da hankali ke wani wuri ba ta tafi da ita ba. A ƙasashen da gwamnati ce babbar mai ba da talla, ko mai jaridar ɗan siyasa ne, tsegumi kan zama mafakar edita: yana kawo masu karatu, ba ya jawo kiran waya daga sama.

Raunin wannan ra'ayi shi ne idan aka miƙe shi ya zama makirci, har a ɗauka duk wani labarin shirme an shirya shi ne don kawar da hankali. Mafi yawan lokuta ba wanda ya zauna ya shirya. Tsada, gaggawa da kwaikwayon abin da abokan gasa ke yi sun wadatar.

Ra'ayi na uku na ganin an cika zuzuta matsalar. Masanin siyasa Matthew Baum ya nuna cewa shirye-shiryen nishaɗi na isar da labarin yaƙi da siyasar duniya ga mutanen da ba za su taɓa kunna labaran dare ba. John Zaller kuma ya ce ba adalci ba ne a sa ran mai neman abincin yau ya bibiyi kowane ƙudiri. Aikin jarida shi ne ta yi kururuwa idan abu ya ɓaci. Wasu na ƙarawa da cewa kalmar "shirme" kanta akwai son kai a ciki, domin an daɗe ana mayar da batutuwa kamar cin zarafin mata a gidan aure shafukan baya da sunan ba su da nauyi. Markus Prior ya kawo ɗaya gefen: yawan zaɓi ya sa mai son siyasa ya fi kowane zamani sani, wanda ba ya so kuwa yana iya kauce mata baki ɗaya, don haka tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi. Ita ma kururuwar sai akwai wanda ke zaune a kotu ko a majalisa kullum kafin ya san abu ya ɓaci, kuma irin waɗannan wakilai ne ake sallama.

## Abin da talaka ke rasawa

Illar da ta fi girma ba a kan mai karatu take sauka ba, a kan wanda labarinsa bai fito ba take. Binciken Eisensee da Strömberg bai tsaya kan labarai ba, ya bi sawun agaji. Bala'in da ya faɗo lokacin gasar Olamfik ko wani babban labari ya fi fuskantar rashin shiga labarai, kuma ya fi fuskantar rashin samun agajin gwamnatin Amurka. Ambaliya iri ɗaya, mamata iri ɗaya, amma ranar da ta zo na iya yanke hukuncin samun taimako. Ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta Norway na fitar da jerin rikice-rikicen da aka fi mantawa da su kowace shekara, tana auna ƙarancin kuɗin agaji, ƙarancin labarai da ƙarancin yunƙurin diflomasiyya. Ƙasashen Afirka ne ke mamaye jerin, kuma Burkina Faso ce ta zo kan gaba a na 2022 da na 2023.

A cikin gida ma haka abin yake. Amartya Sen, wanda ya karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1998, ya daɗe yana nuna cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida, domin gwamnati ba ta iya ɓoye ta. Sai dai shi da kansa ya lura cewa wannan kariya ba ta aiki sosai a kan tamowar yau da kullum, wadda ba ta zama kanun labarai. Timothy Besley da Robin Burgess sun duba jihohin Indiya daga 1958 zuwa 1992, suka ga cewa inda aka fi karanta jaridu, musamman na harsunan gida, gwamnati ta fi saurin raba abinci da agaji idan fari ko ambaliya ta auku. Wani binciken kuma a Amurka ya gano cewa bayan jaridar gari ta rufe, kuɗin ruwan da ƙaramar hukuma ke biya kan bashi yana ƙaruwa, saboda masu ba da bashi sun san babu mai sa ido. Mai biyan haraji ne ke cike wannan giɓi, ko ya taɓa karanta jaridar ko bai taɓa ba.

Garin Flint a jihar Michigan misali ne na jinkiri. An sauya tushen ruwan shan garin a Afrilun 2014, mazauna suka fara kokawa nan take, 'yan jaridar yankin kuma suna ta rubutawa. Manyan kafafen ƙasar ba su ɗauki abin da gaske ba sai bayan wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta nuna ƙaruwar gubar dalma a jinin yara a Satumban 2015. An ayyana dokar ta-ɓaci a Janairun 2016, bayan yara sun shafe sama da shekara guda suna shan ruwan.

Shi kuma mai karatu, tsoronsa ne ke karkacewa. Ƙwaƙwalwa na auna haɗari da saurin tuno misalinsa, kamar yadda Amos Tversky da Daniel Kahneman suka nuna a 1973. Wanda ke ganin hari da kisa kullum a allo zai ɗauka su ne manyan masu kashe mutane, alhali ciwon zuciya ne kan gaba a duniya. Da wannan tsoro yake zaɓe, da shi kuma 'yan siyasa ke raba kasafi. Wasu kuwa gajiya suke yi su daina. Rahoton cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford na 2024 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suna kauce wa labarai a wasu lokuta ko sau da yawa, daga kashi 29 a 2017. Dalilin da da yawansu ke bayarwa ba yawan shirme ba ne. Cewa suke labaran sun cika tayar da hankali da maimaici. Wannan ya sa edita a tsaka mai wuya, domin ƙara tulin munanan labarai masu nauyi ba zai dawo da su ba.

## Gyare-gyaren da ake gwadawa

Duk wani gyara da ake gwadawa ƙoƙari ne na raba labari mai nauyi da dogaro da dannawa. Akwai kafafen jama'a kamar BBC, wadda kuɗin lasisin talabijin da 'yan Birtaniya ke biya ke ɗauke da mafi yawan nauyinta. Haɗarin wannan tsari shi ne a ƙasashe da yawa kafar jama'a kan rikiɗe ta zama bakin gwamnati. Akwai masu dogaro da gudummawa kamar ProPublica a Amurka, waɗanda ke bincike su ba wasu jaridu su buga, sai dai su ma mai ba da tallafi na da batutuwan da ya fi so. Ostiraliya a 2021 da Kanada a 2023 sun yi dokokin tilasta wa manyan kamfanonin intanet biyan kafafen labarai. A Kanada Google ya amince ya riƙa biyan dalar Kanada miliyan 100 a shekara, Meta kuwa, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya toshe labarai a Facebook da Instagram daga Agustan 2023, a daidai lokacin da gobarar daji ke korar mutane daga birnin Yellowknife suna neman bayani.

Hanyar da manyan jaridu suka fi karkata gare ta ita ce kuɗin rajista na wata-wata. Tana sauya lissafi, domin wanda ke biya ba ya sabunta rajistarsa don tsegumin da zai samu kyauta a ko'ina, don haka jaridar na da dalilin zuba kuɗi a bincike. Amma rahoton Reuters na 2024 ya nuna cewa ko a ƙasashe 20 masu arziki da aka duba, kashi 17 cikin ɗari ne kawai ke biyan kuɗin labarai a intanet, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ga manyan jaridu ƙalilan na ƙasa baki ɗaya. Ƙananan jaridun da ke bin zaman ƙaramar hukuma da kotun yanki, inda yawancin shawarwarin da suka shafi ruwa, makaranta da asibiti ke fitowa, ba su cika samun rabo a ciki ba.